Kilishin da Alhaji ke ɓoyewa a mota

Anti, assalamu alaikum. Maigidana shekararsa 54, wata bakwai ke nan ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Likitoci sun ce hawan jini ne ya jawo. Ranar da aka sallame mu an ba ni takarda da Turanci, an ja layi a ƙarƙashin naman da aka sarrafa, da gishiri, da fotashiyam, da fosfaros. Don tsoro sai na cire nama gaba ɗaya daga tukunyarsa, miya kuma ba gishiri ba magi. Yanzu ya rame, wandunansa sun yi masa yawa, abincina sai ya taɓa ya ture. Makon jiya na tarar da ƙunshin kilishi a aljihun motarsa, direba ya ce kusan kullum da yamma sai sun tsaya wajen mai tsire. Hajiya, mahaifiyarsa, tana cewa ina kashe mata ɗa da yunwa. Gwajin ƙarshe ya nuna fosfaros ɗinsa ya hau, ga ƙaiƙayi ya hana shi barci. Ya zan yi?

Daga wata baiwar Allah a Kano.

Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Ya mai jiki? Allah ya ba Alhaji lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma sannu da jinya. Wanda bai taɓa zama a benci awa huɗu a ƙofar ɗakin wankin ƙoda yana jiran a fito masa da nasa ba, ba zai san abin da kike ɗauke da shi ba. Na yi wannan zaman shekara biyu da yayana, Allah ya ji ƙansa, shi ya sa na zaro wasiƙarki daga tsakiyar tari na ɗora ta a sama.

Bari in fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba. Hajiya tana da rabin gaskiya. Kashe shi dai ba kya yi, amma yunwa kam yana ji, kuma ita ce ta kai shi gaban tukuba. Takardar nan ba ta ce a raba shi da nama ba. Naman da aka sarrafa ta ambata, ke kuma tsoro ya sa kika haɗa har da wanda mahauci ya yanka da safe. Sakamakon shi ne kin cire masa naman da jikinsa ke buƙata, shi kuma ya je ya sayo wanda zai cutar da shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ruɗanin yana da asali. Mai ciwon ƙoda da bai kai ga wanki ba, shi ake rage wa nama don a sauƙaƙa wa ƙodar aiki, kuma wannan maganar ce ta fi yawo a bakin mutane. Amma da zarar an fara ɗora mutum a kan na'ura lissafin ya juye, domin na'urar ba datti kaɗai take janyewa ba, tana tafiya da wani ɓangare na sinadaran gina jiki. Abin da masana suka tsayar ga mai wankin ƙoda shi ne giram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. In Alhaji kilo 60 ne, giram 60 zuwa 72 ke nan. Dafaffiyar tsoka mai girman tafin hannunki, wajen giram 100, abin da za ta ba shi bai wuce giram 25 zuwa 30 ba. Ki duba tuwo da miyar da kike kai masa ki ga ko sun kama hanyar wannan adadin. Ramar nan ba ƙaramar magana ba ce. A ɗakin wanki, wanda ya rame ya fi saurin kamuwa da wasu cututtukan, kuma ya fi shan wahalar na'urar.

To me ya raba tsokar kwata da kilishi, alhali duk saniya ɗaya ce? Ki tsaya wata rana inda ake yinsa ki kalla. Ana fere naman ya zama kamar takarda, a shanya a rana. Ɗanyen nama kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, ruwan ne ke tafiya, fotashiyam da fosfaros kuwa, sinadaran nan biyu da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza, suna nan daram. Don haka ɗan yankin da Alhaji zai tauna kafin danja ta ba da hannu yana ɗauke da abin da ke cikin nama mai ninkin nauyinsa. Sannan a tsoma shi a labu, wato tunkuza da gishiri da magi da kayan yaji, a sake shanyawa, a kanga a wuta. Gyaɗa kuwa ita ma tana da fotashiyam da fosfaros ɗinta. Abu uku da aka ja wa layi a takardarki, duk sun haɗu a ƙunshi ɗaya. Tsire ya ɗan fi sauƙi da yake ba a busar da shi ba, amma ƙuli da magin da ake birkima shi a ciki, da yajin da ake zubawa a gefen takarda a riƙa dangwala, sun isa. Haka dambun nama na sayarwa, haka soyayyen naman layya da ake zuba wa gishiri da gangan don ya kai wata biyu a bokiti.

Duk da haka kilishi ba shi ne shugaban masu laifi ba. Akwai waɗanda suka fi shi, kuma su ba a zarginsu saboda suna zuwa cikin leda mai ƙyalli: sosej ɗin da ake cusawa a shawarma, naman gwangwani, burodin nan mai nama a ciki da ake talla a cunkoson motoci, da wasu kajin da ake sayarwa a daskare waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri tun a kamfani. Irin waɗannan ana zuba musu fosfaros na masana'anta don naman ya riƙe ruwa, ya yi laushi, ya daɗe a kanti. A nan gizo ke saƙar. Fosfaros ɗin da Allah ya halitta a cikin nama, hanji yana zuƙe wajen rabinsa ne ko sama da haka kaɗan, sauran ya fita a bayan gida. Na cikin wake da hatsi ma bai kai haka ba. Na masana'anta kuwa kusan dukkansa ke shiga jini. Kuma galibi ba a rubuta yawansa a jikin leda, sai dai sunansa a jerin kayan haɗi. Ki koyi haruffa huɗu: phos. Duk kalmar da kika ga tana ɗauke da su a bayan gwangwani ko leda, ki mayar da kayan inda kika ɗauko. Wani lokaci lamba suke sawa, E450 ko E451 ko E452. Baƙin lemon kwalba, wanda masu tsire ke ajiyewa a kula don a kora, yana da nasa, E338. Ki tambayi direba me Alhaji ke sha a kan tsiren, ina zargin amsar za ta cike miki lissafi.

Ga lissafin. Zama ɗaya na awa huɗu a kan na'ura yana cire fosfaros wajen miligiram 800 zuwa 1,000. Alhaji sau biyu yake zuwa, ki ce 2,000 a mako in an ci sa'a. Abin da ake so mai ciwon ya ci a rana kuwa shi ma 800 zuwa 1,000 ne, kwana bakwai. Ko da rabi kaɗai ya shiga jini, kin ga na'urar ba ta kamo shi ba. Ragowar da ke taruwa tana janyo sinadarin alli, wato kalsiyam, daga ƙashi, ƙashin ya yi rauni, sannan su biyun su je su kwanta a bangon jijiyoyin jini su sandarar da su. Ƙaiƙayin da ke hana shi barci yana iya zama daga nan, ko da yake bushewar fata da ƙarancin wankin ƙodar ma suna kawo shi. Wannan giɓin shi ya sa ake rubuta ƙwayar da ke kama fosfaros a ciki kafin ya shiga jini. Ki duba ledar magungunansa. In akwai ta, ki lura da lokacin da yake sha, domin tare da loma ake haɗiye ta. Yayana ya yi wata uku yana shan tasa da asuba a haɗe da na hawan jini, cikinsa ba komai, babu wanda ya gaya mana kuɗi muke zubarwa, sai da wata nas ta ji muna hira ta juyo.

Yanzu tukunyarki. Ki sayi tsoka ɗanya daga mahaucin da kika sani, ko kaza ki sa a yanka miki, ko ɗanyen kifi. Ki yanka naman ƙanana, ki zuba ruwa mai yawa, ki tafasa shi sosai ba gishiri, sannan ki tsiyaye ruwan. Na san abin da zuciyarki ta ce yanzu. Wace mace ce ke zubar da romo? Ba sai kin zubar ba, ki juye shi a miyar yara. Amma shi kada ya shiga kwanon Alhaji, domin tafasawar tana fitar da kaso mai yawa na fosfaros da fotashiyam zuwa cikin ruwan, furotin kuma ya zauna a naman. Wannan ya shafi farfesun da 'yan dubiya ke kawowa a kula. A al'adarmu ba abin da ke nuna ƙauna ga mara lafiya kamar farfesun kayan ciki mai romo, shi kuwa ga mai wankin ƙoda hanta ce cike da fosfaros, tana iyo a ruwan magi, ga ruwan kansa da aka ƙayyade masa. Ki karɓa da godiya, ki yi addu'a, ki raba wa mutanen gida.

Naman da kika tafasa, ki soya shi sama-sama da albasa da tafarnuwa da citta, ko ki jera shi a waya ki gasa a kan gawayi, ki shafa ɗan mai, ki barbaɗa masoro da kimba da barkono da kika daka da kanki, ki matsa lemon tsami, ki yanka ɗanyar albasa da kabeji a kai. In kina so ki naɗe masa a takarda ma ki naɗe, ba wasa nake ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsayawa wajen mai tsire bayan magariba ba naman kaɗai yake nema ba, har da ƙamshin hayaƙin da jin cewa shi ma mutum ne kamar kowa. Sai ƙwai. Farinsa na daga cikin abinci mafi dacewa da shi, furotin ne kusan zalla, fosfaros ɗin yana cikin gwaiduwa. Farin ƙwai uku a soye da albasa da safe sun ba shi wajen giram 10.

Gishiri kuma ba a ce ki kore shi daga gidan ba. Iyakar da ake bayarwa ita ce kada sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ya wuce miligiram 2,000 a rana, wato gishiri giram 5, abin da bai cika cokalin shayi ɗaya a shafe ba. Matsalar ita ce wannan adadin ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi da sauran abin saye, kuma dunƙulen magi wajen rabinsa gishiri ne. Abin da na riƙa yi shi ne in auna rabin cokalin shayi da safe in zuba a ɗan murfi, shi ne rabonsa na yini. Ba na sawa a tukunya, sai an zuba abinci a kwano in barbaɗa a sama, harshe ya fi jinsa a haka. Daddawa kaɗan tana rufe gurbin magi. Makonni biyu ukun farko zai yi ƙorafi, daga baya baki yana sabawa. Dalilin duk wannan wahalar shi ne ƙishirwa. Gishiri ke kiran ruwa, ruwan kuma ba shi da hanyar fita sai ranar wanki, sai ya tsaya a ƙafa, ya hau fuska, ya cika ƙirji har kwanciya ta gagara. Daren da ya ci kilishi, ki lissafa kofi nawa ya sha.

Akwai tarko biyu da nake so ki riƙe da kyau. Na farko, wani zai kawo miki gishirin masu hawan jini daga kanti da kyakkyawar niyya. An rage masa sodiyam ne an cike gurbin da fotashiyam, ga Alhaji kuwa wannan guba ce. Na biyu yana cikin madafinmu tun kaka da kakanni. Kanwa, duk da sunan potash da ake kiranta da shi a Turanci, mai kama da fotashiyam, yawancinta sodiyam ce, don haka 'yar uwar gishiri ce. Ruwan toka kuma fotashiyam ne. Miyar kuka ko kuɓewar da za ki yi masa, ki bar su duka biyun.

Fotashiyam ya fi sauran gaggawa, shi ya sa nake ɗaga murya a kansa. Fosfaros a hankali yake ɓarna, cikin watanni da shekaru. Fotashiyam kuwa zuciya yake taɓawa, yana iya tsayar da ita a dare ɗaya, kuma sau da yawa ba ya sallama. A gwajin jini ana so ya zauna tsakanin 3.5 da 5.0, in ya haura 6 an shiga hatsari. Mai zuwa wanki sau biyu a mako yana da tazarar kwana uku zuwa huɗu, kuma ƙarshen wannan tazarar ce ta fi muni. In ya ce ƙafafunsa sun mutu, ko yana jin jikinsa ya saki, ko bugun zuciyarsa ya canza, kada ki jira ranar wankinsa, ku tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. Dabino, ayaba, lemon zaƙi, ruwan kwakwa, tumatirin gwangwani da zogale mai yawa duk suna gaba-gaba wajen ɗauke da shi. Doya da dankali ki yanka ƙanana ki tafasa a ruwa mai yawa ki tsiyaye, kamar naman. Amma kada ki sake yin irin ta farko, ki share masa duk kayan lambu saboda tsoro. Gwajin jininsa ne zai faɗi iya tsananin da ake buƙata, ba takardar da aka raba wa kowa ba, ba kuma shafin nan ba. Wani ma'aunin nasa lafiya lau yake yana cin ayabarsa, wani kuma rabinta ta ishe shi.

Saura mutanen gidan. Direban nan ki cire shi daga tsakiya. Ɗan aike ne, in kika mai da shi ɗan leƙen asiri zai rasa aikinsa, Alhaji kuma ya koyi ɓoyewa da kyau. Shi Alhajin, kada ki ajiye masa ƙunshin a gabansa kamar an kama ɓarawo. Mutum ne da ciwo ya ƙwace wa kasuwa da tafiye-tafiye da ƙarfin jiki, har ruwan sha sai an auna masa. Kilishin nan shi ne abu ɗaya da ya rage yana yanke hukunci a kai da kansa. Ki same shi lokacin da ku biyu ne, ki fara da naki laifin: Alhaji, ashe ban fahimci takardar nan ba, na hana ka abin da ba a hana ka ba, ka yafe ni. Daga nan ki kawo tsiren gidan. In ya ci ya ƙoshi, maganar na waje za ta zo da sauƙi. In kuma wata rana ransa ya biya ba makawa, gara balangu 'yan yanka kaɗan, a yanko masa kafin a barbaɗa komai, ba yaji a gefe, da ƙwayarsa a hannu, kuma kada ya zama a ƙarshen doguwar tazarar nan. Gara ki san abin da ya ci da ki yi ta zato.

Hajiya kuma ba a gardama da uwa a kan cikin ɗanta, ba za ki ci ba. Ki je ki durƙusa ki ce, Hajiya, maganarki gaskiya ce, ya rame, ki taimake ni. Ki roƙe ta ta raka ku asibiti sau ɗaya ta ji daga bakin likita, don abin da suruka ta faɗa sau goma likita sau ɗaya zai faɗa a karɓa. Sannan ki ba ta aikin da ke ba za ki iya ba. Ita ce za ta iya ce wa ƙannensa da abokansa su daina kawo kilishi da lemon kwalba a matsayin dubiya, su kawo kiret ɗin ƙwai, ko kaza mai rai, ko tuffa da abarba. Ita ce kuma za ta iya tare jiƙe-jiƙen da za a fara aikowa daga ƙauye, in ba a riga an fara ba. Babu wanda ya san abin da ke cikin waɗannan jarkokin, ƙodar da za ta tace su kuma ba ta nan.

Ranar wankinsa mai zuwa ki tafi da littafi. Ki rubuta duk abin da ya ci na kwana uku, har da tsiren da kilishin, kada ki rufa masa asiri a gaban likita, domin in bai san daga ina fosfaros ɗin ke shigowa ba zai yi ta ƙara magani ne a banza. Ki nemi a haɗa ku da masu kula da abincin marasa lafiya, manyan asibitocin da ke wankin ƙoda galibi suna da su, sai dai ba kowa ke tambaya ba. Ki ce a rubuta miki lambobinsa uku na ƙarshe, fotashiyam da fosfaros da albumin, wanda ake dubawa a ga ko jiki na samun abinci, a kuma gaya miki kofi nawa na ruwa aka yarje masa a rana da nauyin da ake so ya tsaya a kai bayan wanki. Ƙunshin da ke cikin motar kuwa, ki bar shi inda yake har sai kun yi maganar. Shi ya kamata ya fito da shi da hannunsa ya miƙa wa yara.